Yadda Zaƙami Ya Raba Ni da Hankalina

A shekarun baya, duk wanda ya shiga cocinmu a Sabon Gari ranar Lahadi zai ga wani siririn saurayi zaune yana kaɗa fiyano. Ni ne. Mahaifina malamin firamare ne, mahaifiyata kuma tana cikin zumuntar mata, ba ta da zancen da ya wuce nawa. A lokacin ina karatu a jami'a a Samaru, muna ɗaki ɗaya da wani abokina mai haɗa kiɗa a kwamfuta.

Shi ya fara yi mini zancen zaƙami. Ya ce makaɗan gaske ba jin sauti kaɗai suke yi ba, ganinsa suke yi da ido, kuma 'ya'yan zaƙami kaɗan a cikin shayi sun isa su buɗe wa mutum kai. Ko sigari ban taɓa sha ba. Amma akwai wata waƙa da na daɗe ina fama da ita ta ƙi haɗuwa, sai wata Asabar da rana muka dafa muka sha tare. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne. Bakina ya bushe ƙayau, hasken taga ya yi mini yawa, kuma na daɗe ina hira da kakata wadda ta rasu tun ina yaro. Abokina ya ce kafin safiya zai sake ni.

Bai sake ni ba. Haka washegari Lahadi na hau keke napep na tafi sujada. Ana tsakiyar waƙa sai na ga fiyanon yana motsi a ƙarƙashin yatsuna kamar tsutsotsi. Na ɗaga kai, na ga jama'a duka ba su da idanu, baki kawai. An ce na kifar da fiyanon, na yage rigata, na fita titi a guje ina ihu. Wani Inyamuri mai sayar da kayan mota ne ya riƙe ni, mahaifiyata ta iso ba takalmi ba ɗankwali.

An ɗauka aljanu ne. Aka yi ta addu'a da azumi a kaina, ni kuwa ina jin muryoyi suna cewa danginmu sun shirya kashe ni. Na daina cin abincin gida. Sai da abokina ya zo ya faɗa wa mahaifina gaskiya, sannan aka kai ni asibitin masu taɓin hankali. Likita ya ce wasu kan farfaɗo cikin kwanaki, wasu kuma abin yakan tayar musu da ciwon da ke kwance, kuma ni ina cikinsu. Wata rana na ƙi shan magani, na ce guba ce. Mahaifiyata ta durƙusa a gabana ta ce, "Ɗana, ba karatu nake nema ba, ba kiɗa ba. Kai nake so ka dawo mana."

Na dawo, amma ba duka ba. Karatu ya tsaya. Har yau kullum sai na sha magani, hannuwana suna rawa, kuma in hayaniya ta yi yawa muryoyin sukan leƙo. Ina taya mahaifina aikin gona a wajen Zabi. Yaran unguwa sun daina guduna, amma har yanzu iyayensu kan yi shiru in na iso.

Iyaye, in kun ga ɗanku ya canja, ku yi addu'a, amma ku garzaya asibiti. 'Yan'uwana matasa, kada wani ya ruɗe ku da cewa tsiro ne kawai, ko ya ce shi ya sha bai ga komai ba. Abokina ya gama karatu, yana aiki, har ya yi aure. Daga buta ɗaya aka zuba mana. Kafin ka kai kofin bakinka, ba mai iya faɗa maka wanne daga cikinmu za ka zama.