Zazzaɓin Ƙanena da Tsohuwa Mai Nono

Ƙanena ya bar Mawashi ya kama aikin kwaɓa fulawa a wani gidan burodi a Kankiya. Ƙato ne, shi kaɗai yake sauke buhu daga mota. Bai rufe shekara ba zazzaɓi ya fara kayar da shi. Jiki ya ɗau zafi, haƙora su yi ta kaɗawa, ciki ya kumbura, ga gudawa, ga ƙuraje a gwiwar hannu da yake sosawa har jini. An gwada jininsa ya fi a ƙirga, a ce ba na cizon sauro ba ne, ba taifot ba.

Abin da ya rikita mu, in muka kawo shi gida Inna ta ɗora shi kan tuwon dawa da fura, sati biyu sai ya miƙe. Ya koma Kankiya, ya sake faɗuwa. Sau uku ana haka. Kawunmu ya ce, "Ciwon ga can yake. Akwai wanda ya kama kurwarshi."

Wata rana cikin magagin zazzaɓi ya yi ta kiran mai nono. Wata tsohuwar Bafulatana ce daga wajen Tafashiya, tana zama a ƙofar gidan burodin, kullum shi ke sauke mata kaya. Ba mu nemi wata shaida ba.

Mu biyar muka je bayan azahar, da shi kwance a bayan mota. Ni na fara isa gare ta. Na sa ƙafa na shure ƙwaryar, nono ya malale har kan titi.

"Ɗana, mi na yi maka?" in ji ta.

"Sake shi, mayya!"

Na mare ta, ta faɗi. Kawu ya zabga mata dorina a baya. Kafin ka ce me, mutane sun taru, wanda bai san maganar ba ma yana jifa. Wani ya kai mata icen wuta a ka, ta tare da hannu, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Muka shimfiɗe ƙanena a ƙasa, muka ja ta da gashi muka ce ta tsallaka shi sau uku. Ta tsallaka tana salati, jini na zuba daga bakinta a kan rigarsa. Shi kuwa yana ta cewa, "Yaya, ku bari," muryar ba ta fita.

'Ya'yanta biyu suna kasuwa, labari ya kai musu. Ban ga zuwansu ba, sai dai na ji sanda a tsakiyar kaina. Kawu aka karya masa kafaɗa. Da kyar 'yan sanda suka raba mu. Na kwana huɗu a tsare da ɗinki a ka, kafin manya su shiga tsakani.

Ƙanena bai koma aikin ba, ya zauna gida ya warke sarai. Muka riƙa cewa ai ga shi nan, ta sake shi. Har alfahari na yi da tabon.

Da azumi ya zo, matarsa ta riƙa yi masa fanke da taliya. Kwana shida zazzaɓin ya dawo, a cikin Mawashi, ya fi na baya tsanani. Muka kai shi Katsina. Likitar mace ce, ta daɗe tana tambayarsa abin da yake ci a Kankiya. Ya ce burodi, safe, rana da yamma, tunda kyauta ne.

Ta ce mini, "Malam, akwai mutanen da hanjinsu ba ya jure wani sinadari da ke cikin alkama. Gudawar da ƙurajen sun yi kama da haka. Zazzaɓin ne ba kasafai ake ganinsa ba, don haka ba zan rantse maka ba. Za mu yi gwaji, daga nan ya bar duk abin da aka yi da fulawa mu gani."

Ya bari. Shekara uku ke nan, sau ɗaya ya kwanta, ranar da ya ci gurasa a wajen ɗaurin aure.

A shekarar da muka ga likitar, bayan an yi girbi, na hau babur na nemi rugar tsohuwar. Babban ɗanta na tarar yana ɗaure maraƙi. Ya gane ni. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da likita ta ce, na ce gafara na zo nema. Ya shiga bukka ya jima, sannan ya fito.

"Ta ce ta ji daɗi da ya samu lafiya. Hannun bai koma daidai ba, ta daina zuwa talla. Ba za ta fito ba."

Na ce zan jira.

"Bawan Allah, ka tafi kafin ƙanena ya dawo daga kiwo."

Na tashi na tada babur.