Inci Huɗu

Ina da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da na fara rubutu a ciki tun ina aji uku na sakandare. Duk maganar da Gwaggo, ƙanwar babana, ta faɗa a kan jikina tana ciki, da ranar da ta faɗe ta da waɗanda suke wurin. Ban iya mayar da magana ba. Idan aka yi mini gori sai in sunkuyar da kai, in na koma gida in rubuta.

Shekarar da nake aji biyu a jami'a littafin ya kusa cika. A lokacin na riga na saba da wata hanya da ba wanda ya sani. Idan na taso daga lacca sai in sauka daga Keke Napep kafin layinmu na unguwar Lamisula, in sayi ɗanwake wurin mace ɗaya, fanke wurin wata, don kada mutum ɗaya ya ga yawan abin da na saya. In shiga ɗaki in tura ƙofa, in ci da sauri a tsaye, ba na ko jin daɗinsa, har sai cikina ya yi tauri ina nishi. Washegari in tashi da azumi. Mama tana yaba mini yawan ibada, ni kuwa na san ba don Allah nake yi ba.

Sai aka sa ranar auren babbar 'yar Gwaggo, wadda nake kira Yaya. Ma'aikaciyar jinya ce, siririya tun haihuwa, kuma ita ta zaɓi mijinta. Saura sati shida biki Gwaggo ta kwashe mu zuwa wurin tela, ni da amarya da ƙawayenta biyar, a auna mu don ɗinkin anko.

Telan irin masu faɗar awo da ƙarfi ne, yana faɗa yana rubutawa. Da ya zagaya tef a ƙuguna ya faɗi lambar, sai Gwaggo ta tafa hannu.

"Malam, tef ɗin ya kai kuwa, ko a ƙullo maka wani?"

Aka yi dariya. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta rufe baki da gefen mayafi.

"Rage inci huɗu a nata," in ji Gwaggo. "Na amarya kuma ka ƙara huɗu."

"Hajiya, yadin zai lalace fa in bai shige ta ba."

"Zai shige ta. Sati shida ya isa mutum ya gyaru in yana da zuciya. Amarya za ta cika, wannan kuma za ta sace. Ni zan tsaya a kansu."

Na rubuta wannan ma. Shafi na sittin da ɗaya.

A Maiduguri ba a wasa da gyaran amarya. Ana killace ta a ɗaki, a yi mata dilka har fatarta ta yi santsi, a turara ta safe da yamma, a ɗura mata abinci don ta yi ɓul-ɓul kafin dangin miji su gan ta. Muna hutu, don haka Gwaggo ta roƙi Baba in koma gidanta a Jiddari Polo in riƙa taya Yaya zama. Ta ce ta haka za ta sa ido a kan bakina.

Kullum da hantsi ake shigo da tire biyu. Na Yaya akwai kunun gyaɗa mai kauri da madara, da kaza guda da aka dafa da kayan ƙamshi. Da rana kuma burabusko da miyar kuɓewa, man shanu yana yawo a kai. Nawa kuwa kokwamba ce yankakkiya da kofin ruwan zafi da lemun tsami, sai wani shayi mai ɗaci da Gwaggo ta saya a waya, wanda yake sa ni zarya banɗaki.

Rana ta huɗu Yaya ta ci cinya ɗaya ta ture tiren.

"Wallahi in na ƙara loma ɗaya amai zan yi. Ƙanwata, don Allah ki rufa mini asiri."

Ban tsaya tunani ba. Na cinye kazar har na tauna ƙashi, na shanye kunun, na suɗe kwano da yatsa. Wannan karon yunwa ce da tsohuwar cutata. Amma da Gwaggo ta shigo ta ga kwanuka fes, ta rangaɗa guɗa, ta ce wa Yaya, "Haka nake so, 'yar albarka," sannan ta waiwayo ta ce mini, "Ke kuma ki daina kallon kwanon mutane," sai na ƙulla abin a raina. Daga ranar da niyya nake ci.

Na tsara abin kamar yadda nake tsara karatun jarrabawa. Yaya ta ci abin da ta saba ci, ni in share sauran. Ƙashin kaza a ɓangarenta nake tarawa. Ina wanke hannu da sabulu sau biyu saboda ƙamshin man shanu. Kokwambar ma ina cinyewa, kada a yi zargi. Wani lokaci cikina ya cika har wuya, hawaye na zuba, amma in na tuna inci huɗu sai in ƙara loma. Ina jin Gwaggo a tsakar gida tana waya da uwar ango tana cika baki: "Ku dai ku jira. Ba za ku gane ta ba."

Da sati uku ya wuce Gwaggo ta fara tsarguwa. Ta kama damtsen Yaya ta matsa, ta ce, "Ina abincin yake tafiya?" Ta sa aka ƙara ƙwai huɗu da dabino a madara. Ni kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ko iska kika shaƙa kitse take zama." Ta ƙara mini kofin shayi. Na ce, "To, Gwaggo."

Yaya ce ta fara tsorata. Wata rana ta same ni durƙushe a banɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan ba cin daɗi ba ne. Na ga irinsa a wurin aiki. Mu daina."

"Saura sati biyu," na ce mata. Ban taɓa jin muryata haka ba.

Ana gobe za a fara biki aka kawo ɗinki. Falo cike da mata, har da ƙannen uban ango biyu da suka zo ganin amarya, ana ta gaisuwar Barebari, "wushe, wushe", ana miƙa turare. Yaya ta fito cikin rigarta. Kafaɗa ta zame, ƙirji ya yi aljihu, ƙugu yana lilo kamar an rataye rigar a ƙusa. Ɗaya daga cikin baƙin ta ce a hankali, "Hajiya, ko dai ba ta da lafiya ne?"

Ni kuwa zif ɗina ko rabi bai hau ba. Na fito a haka, riƙe da gaban rigar.

Gwaggo ta dubi Yaya, ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane.

"Kaji talatin da takwas," na ce. "Ni na ci, Gwaggo. Sun yi daɗi. Allah ya saka da alheri."

Wata tsohuwa ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame, sauran suka biye mata. A gabana aka yi wa Gwaggo dariyar da ta saba sa a yi mini, kuma ban sunkuyar da kai ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne aikin tela. Aka kira shi, cikin awa ɗaya ya rage rigar amarya ta zauna mata cif. Da ya ɗaga tawa ya duba ɗinkin ciki, sai ya girgiza kai, ya ce babu yadin da zai saki. Ranar biki ƙawaye biyar suka jeru bayan Yaya cikin anko, ni ina can gefe cikin laffayar Mama. Babu ni a hoto ko ɗaya.

Cin kuma bai tsaya da bikin ba. Na koma Lamisula da shi fiye da yadda na tafi. Bayan wata biyu Yaya ta zo da kanta ta zaunar da Mama ta gaya mata komai, sannan ta kai ni wurin wata likita. Yanzu sau uku nake ci a rana, a zaune, tare da mutane, ƙofa a buɗe. Ba na azumin nafila sai na tabbatar wa nake yi wa. Wasu ranakun har yanzu ina sauka kafin layinmu, amma sun yi ƙaranci, kuma in ya faru ina faɗa wa Mama.

Likitar ta ce in yi ƙoƙari in saki abin da ya wuce. Na saki da yawa. Rigar ce ban saki ba.

Da ƙaramar Sallah na goge ta, na ninke, na sa a leda mai kyau da turare. Muka je gaida Gwaggo, falonta cike da baƙi, ita kuma ta cika kujera mai zaman mutum biyu kamar yadda ta saba. Na durƙusa na ajiye a gabanta. Ta zare rigar ta ɗaga, ta gane ta.

"Me zan yi da wannan? Ai ko hannuna ba zai shiga ba."

"Zai shiga, Gwaggo," na ce. "Sati shida ya isa."