Akwatin Ƙasusuwan Yaya Ɗanladi

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Farfesa Ɗanladi, amma har gobe akwai masu cewa ya ɓata karatunsa. Ban yarda ba, kuma ba zan yi shiru ba.

A Durumi aka haife mu, tun tana ƙauyen manoman doya, babu mai mafarkin wata rana za ta zama unguwa a cikin babban birni. Yaya ne ya fara shiga jami'a a garinmu. An zaci likita zai zama, sai ya zaɓi binciken wasu manyan dabbobi masu kama da kada, waɗanda suka rayu cikin teku suka ƙare tun kafin ɗan Adam. A ƙasar Sakkwato yake tono ƙasusuwansu, ya ce da can wurin duk ruwa ne.

Wani hutu bayan yaƙin basasa ya sauka gida da akwatin katako. Matar kawunmu ta leƙa, ta ga ƙashi. Kafin la'asar magana ta cika gari, wai Ɗanladi yana tone kaburbura. Mata suka daina amsa gaisuwar mahaifiyarmu, dattawa suka ce ko ya zubar da akwatin ko ya bar garin.

Inna tana kuka ta ce, "Ɗanladi, ka zubar mu huta."

Ya ce, "Ki yi haƙuri Inna, ba zan zubar ba."

Ya ɗora akwatin a ka har ƙofar mai gari. Ya zaro wani muƙamuƙi da ya fi hannun mutum tsawo, haƙora a jere kamar wuƙaƙe, ya ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mini gidan da kakansu yake da irin wannan baki, in mayar musu."

Wani Bafulatani da ya kawo ƙara ya fashe da dariya, mai gari ma ya kasa daurewa. Maganar kora ta mutu nan take. Kawu dai bai sake gaisawa da shi ba.

Yau Durumi shaguna ne da benaye. Da yana raye, na san ba saman ginin zai kalla ba, bakin ramin harsashin gini zai tsuguna yana tambayar leburori abin da suka tono.

Bai bar gida a birnin nan ba. Ya bar ɗalibai da suke fita daji tonon ƙasusuwa duk rani. Bana jikata ta ce irin karatunsa take so, ubanta ya ce bai amince ba. Na gaya masa ni na amince, kuma ni na haife shi.