Kashi Biyu a Kan Tabarma

Shekarar da Baba ya tafi ci-rani Agadas, ni ya bar wa rabon kuɗin kashewa na ƙannena biyu. Ina lise, wato babbar sakandare, a Agye a lokacin, ina zaune gidan wani amininsa, sai ran Asabar nake dawowa ƙauyenmu. A gabana ya ce wa Inna, "Wannan ba ya magana, amma lissafi ba ya ɓace masa. In na aiko ki fid da na cefane, na yaran ki ba shi ya raba." Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai.

Ƙanwata ta shiga kwaleji, ƙaramar sakandare, a Cadawa a shekarar. Da sanyin safiya take fita a ƙasa ita da 'yan matan ƙauyenmu, ba ta dawowa sai la'asar. Autanmu kuwa yana ƙaramar lakol, wato firamare, da ke bayan gidan mai gari. Ko tari ya yi a aji, Inna tana iya ji daga madafi.

Na yi tunani sosai kafin na tsara rabon. Na ga bai kamata a riƙa ba su kullum ba, gara a ba su na mako guda a dunƙule don su koyi tattali. Kowace Lahadi da yamma sai in shimfiɗa tabarma, in yi kashi biyu, dala sittin-sittin, in kira su kowa ya ɗauka.

Ran farko Inna ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallo.

"Ba ka ƙara wa yarinyar nan ba?"

"Inna, in na ƙara mata ai na yi son kai."

"Yatsun hannunka daidai suke?"

Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba in babba ya yi magana, amma ban taɓa kuɗin ba. Kunyata irin wannan ce. Ba na musu, ba na kuma sake abin da na yi niyya.

Auta ya zama abin alfaharina. Ba ya kashe komai. Ya samu gwangwanin madara ya huda, kafin a gama sussukar gero ya sayi tantabaru biyu. Ita kuwa duk Asabar in na tambaya, hannunta wayam.

"Ina naki?"

"Sun ƙare tun Laraba."

"Dubi ƙanenki. Yaro ƙarami ya fi ki dabara."

"To, Alhaji mai tantabaru," ta ce, ta dungure masa kai, "in ka yi arziki ka tuna da mu."

Auta ya yi mata gwalo. Ni kuma na yi mata bayani mai tsawo a kan bambancin abin da ake so da abin da ake buƙata, yadda na karanta a wani littafi. Ta saurara tana tsefe kitso. Ban taɓa tambayarta nawa ake sayar da abinci a bakin kwaleji ba. Ban kuma lura da cewa Auta, da an tashi hutun rana, gida yake rugowa ya sha fura ya koma ba.

Sai can wajen zafin bazara na sani. Wata Alhamis mai masaukina ya aike ni Cadawa da saƙo, na ce bari in biya in gaishe ta. Na tarar an koma aji bayan hutun rana. Wata yarinya da ke shiga a makare ta nuna mini rumfar wata mai shinkafa da wake a ƙetaren hanya. Bayan rumfar na samu ƙanwata a tsugune, ta naɗe hannun rigar lakol, tana wanke kwanuka a baho. Kayenta na lissafi, littafin da take rubutu a ciki, yana kan dutse, ta danne shi da takalmi don iska.

Da ta gan ni ba ta firgita ba. Ni ne na rasa inda zan sa idona.

"Mi kike yi nan?"

"Ga shi kana gani, Yaya."

"Ba ku da darasi?"

"Muna da. Lissafi." Ta ɗauraye kwano ta kife. "Shinkafa dala ashirin ce. Litinin, Talata, Laraba. Alhamis da Juma'a in na wanke mata, tana zuba mini. Ƙawata tana ba ni kayenta in kwafa."

"Don mi ba ki gaya mini ba?"

"Na ce maka sun ƙare tun Laraba."

Gaskiya ne, ta faɗa, kusan kowane mako. Na zaro kuɗin kabu-kabun da zan hau in koma na miƙa mata. Ta ce in bari ta gama, ta riga ta ci abincin mutane. Na tsaya nan har ta wanke kwanon ƙarshe, ban ko tsuguna na taya ta ba, saboda kunyar masu wucewa.

Lahadin da ta biyo na ƙara mata. Auta ya yi ta bori, yana cewa ni da bakina na ce daidai za a raba. Inna ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. Amma shekara ta riga ta yi nisa, darussan da ta rasa sun taru. Da sakamako ya fito, lissafi ya ja makinta ƙasa, aka ce ta maimaita aji. Ƙawayenta duk sun wuce.

Baba ya kira a tarhon maƙwabcinmu, aka buɗe murya kowa yana ji. Ya ce shi yana can yana dako a rana, ba zai riƙa biyan kaye da riga a kan aji ɗaya sau uku ba. In ta sake faɗuwa, ta zauna gida ta taya Inna. Sai ya tambaye ta me ya faru.

"Lissafin ne ya yi mini wuya, Baba."

Tarhon yana hannuna. Na buɗe baki in ce laifina ne, na ji maƙwabcin da matarsa a tsaye a kaina, na rufe.

"To kai," Baba ya ce, "hutun nan ka zauna ka koya mata. Mi amfanin karatunka?"

Na ce to.

Haka muka yi damina. In mun dawo daga noma mun yi wanka, sai mu zauna ƙarƙashin itacen bedi da allon lakol da alli. Na shirya darussan a tsanake, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, na ɗauka za mu kai kaka muna fama. A ranar farko na yi mata bayanin abin da suka yi a watannin da take bayan rumfa. Sau ɗaya na faɗa. Ta karɓi allin ta warware, na ba ta wani ta warware, na uku ma tun ban gama karanta tambayar ba ta fara rubutu. Na bi layi-layi ina neman kuskure, ko guda ɗaya ne, don in samu abin da zan ce na koya mata. Babu.

Ta goge allon da gefen zane, ta turo mini.

"Yaya, sa wani mai wuya. In an koma lakol ba na son a tambaye ni abin da ban gani ba."