Askin da Kawu Abarshi bai taɓa yi ba

A Gure, da wuya ka sami namijin da askar Kawu Abarshi ba ta bi ta kansa ba. Yayan mahaifiyata ne, wanzami ɗan wanzami. Shi ke askin suna, shi ke ƙaho, in ƙurji ya nuna shi ke sakiya. Ga shi da bakin tsiya. Yana riƙe da kanka zai ce bai taɓa ganin ƙeya mai kama da tulu irin taka ba, kai kuwa ba halin motsi.

Matarsa ɗaya, Inna Mairamu, shekara talatin da bakwai suna tare. Kullum cikin faɗa suke a kan gishirin miya, amma bai iya cin tuwon kowa sai nata.

Bara waccan wani kumburi ya fito mata a ƙarƙashin muƙamuƙi. Dangi suka taru suna cewa ga wanzami a gida, ya yi mata sakiya mana. Kawu ya taɓa, ya ji abin da tauri kamar ƙwallon goruba, ba zafi ba ruwa, sai ya nannaɗe zabirarsa. A ranar ya faɗa mana abin da ya daɗe yana ɓoyewa: tun yana saurayi ya huda irinsa ga wani makiyayi a Bune, ciwon ya buɗe bai sake rufewa ba. Aka yi ta cewa tsufa ya sa shi tsoro. Ya ce su faɗa, ya ji.

Ni na raka su Damagaram, daga can aka tura mu Yamai. Likitoci suka ce ciwon daji ne, suka sa ta a shimiyo, maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Maganin ya wahalar da ita, ga amai, ga gyambon baki. Kawu ya tsare wata likita da tambaya. Ya ce shi in zai yi ƙaho, inda ciwo yake nan yake kafawa, to me ya sa nasu maganin ke bin jiki duka? Ta ce gaskiyarsa. Ta ce ƙwayoyin jikin mutum suna sakin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna suna aika wa juna saƙo, kuma masu bincike na ƙoƙarin cusa magani a ciki don ya tafi wurin ciwon kai tsaye. Sai dai har yanzu gwaji ake, bai iso ga marasa lafiya ba. Kawu ya ce a gaya musu su yi sauri.

Bayan zagaye na biyu muka dawo gida hutu, gashin Inna ya fara zuba. Ita da aka sani da kitso tun tana budurwa. Ta rantse ba ta komawa Yamai, gara ta mutu da sauran gashinta. Na yi lallashi, 'ya'yanta sun yi, a banza. Ranar komawa ta rage kwana biyu, kuma likita ta riga ta gargaɗe mu cewa in aka tsallake, ciwon zai samu sarari.

Da hantsi Kawu ya shigo ɗakinta da zabira, ya ce in kawo ruwan ɗumi in tura ƙyaure. Wanzami ba ya aske kan babbar mace, shi ma bai taɓa yi ba. Ya durƙusa a gabanta.

"Mairamu, gashi na san shi, aikina ne. Duk wanda na aske ya sake fitowa. Ke ce ban da inda zan samo wata."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zame kallabinta. Ina riƙe da ƙwarya ina kuka, shi yana aski, har ya ɗan yanke ta a bayan kunne.

"Malam, haka kake yi wa mutane su ce maka gwani?" in ji ta. Ta shafa kanta, ta juyo gare ni. "Salima, je ki tasha ki kama mana wuri. Ni wajen taga nake so."