Sunan da Ƙanwata Ta Raɗa wa Malam

Ƙanwata tana da shekara uku sanƙarau ya tafi da jinta. Mutanen unguwarmu a Kiru suka ɗauka har da hankalinta ya tafi. Mu na cikin gida mun san ba haka ba ne. Yarinyar da in Inna ta fara yi mata faɗa sai ta rufe ido, faɗa ya ƙare, ai ba za a kira ta doluwa ba.

Da hannu muke magana, kuma kowa ta raɗa masa suna. Baba, shafa gemu. Kawunmu direban Kwanar Dangora, toshe hanci, saboda warin fetur.

A firamare aji ɗaya aka sa mu don in riƙa yi mata tafinta. Da farko ba ta tsinci komai ba, domin malamai allo suke fuskanta suna magana. Sai aka kawo wani sabon malami siriri, kullum yana jan wandonsa sama. Ya dawo da ita bencin gaba, ba ya magana sai ya juyo ta ga bakinsa. Ya ɗaga kofi, ya rubuta "kofi", ita kuma ta nuna masa yadda muke faɗarsa da hannu.

Wata rana ya tambaye ni, "Ni fa, yaya take kirana?"

Kafin in yi dabara, ta kama ƙugu da hannu biyu ta ja sama.

"Me ke nan?"

Na ce, "Malam ke nan, Malam."

Ya ji daɗi. Daga ranar, in zai ce ta kawo wa Malam littafinta, sai ya kama ƙugu ya ja sama da kansa a gaban aji. Ita kuwa ta kifa kai a benci, kafaɗunta na rawa.

Dab da hutu ya ba ta alli ta rubuta jimla da kanta, ta farko a rayuwarta. Ta rubuta: "Malam wando babba." Ta nuna rubutun, ta nuna shi, ta ja ƙugu.

Malam ya dubi allo, ya dubi wandonsa, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har da hawaye. Amma bai ƙyale ta ba. Ya rubuta "Wandon Malam ya yi masa yawa", ya nuna mata mazaunin kowace kalma, ya sa ta kwafa.

Washegari ya zo da sabon bel ɗaure a ƙugu. Ta ƙare masa kallo, ta miƙa masa alli, ta nuna bel ɗin: yaya ake rubuta wannan?