Baƙon da ke Cikin Turmin Iya

Wata ranar Laraba da hantsi, a farkon daminar da 'yan mazan jiya suka dawo daga yaƙin Bama, na faɗo gidanmu na Roni a guje, ƙafafuna duk taɓo, hannuna a dunƙule. Ƙwaro na kamo a jikin kukar bayan gida, irin wanda mu yara muke ce wa dogon-ƙaho, don ƙahonnin nan nasa biyu sun fi jikinsa tsawo. Mukan ɗaura masa zare mu sake shi, ya tashi yana kewaya kanmu muna ihu. Zaren na zo roƙo wurin kakata Iya, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta. Ta makance tun kafin in yi wayo, amma kullum tana ƙofar ɗakinta da auduga da mazari tana kaɗi. "Miƙo shi nan, Takwara, in ga ɓarnar da kika yo," in ji ta. Ta shafa bayansa da ɗan yatsa, ta taɓe baki. "Ɗan Roni ne, guntu, fiffike a baje kamar faifai. Na garinmu siriri ne, fiffikensa dogo mai tsini kamar ganyen gero."

Garin nasu wani ƙauye ne a ƙasar Babura, inda babu dutse irin na Roni, sai rairayi. Tun da aka binne mahaifinta ba ta sake taka shi ba, kuma ba ta da burin da ya wuce ta je ko sau ɗaya kafin ta mutu. Baba mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma kullum amsarsa ɗaya ce, "Sai bayan kaka, Iya." Bayan kaka kuwa ga sussuka, ga ɓarar gyaɗa, ga dagaci yana tara maza aikin hanya, har ƙarfinta ya kai inda ba za ta iya zaman jaki ba. Ba ta yi masa ƙorafi ba. Sai dai in an yi zancen, takan ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," ta ci gaba da kaɗinta.

Ni kuwa da taurin kai irin nawa na ɗaura aniyar nemo mata ɗan garinsu. In an aike ni kai fura gona, sai na leƙa kowane kututture, furar ta isa bayan ma'aikata sun gaji da zagina. In ana 'yar gala-gala a dandali, idona yana kan itatuwa. Har itacen da wasu Fulani suka kawo daga wajen Gwiwa na tone, na samo wani, Iya ta daɗe tana shafa shi ta ce wannan ya kusa, amma da saura. Duk wanda na kawo takan yi dariya ta ce, "Kayya, Takwara, ɗan dutse ne!" Ni dai haushi kamar in yi kuka.

Bayan an kai amfanin gona rumbu, sai ga ɗan ƙanenta daga Babura da sabon turmi a kan jaki. Ashe tsohuwar kiryar gonar mahaifinsu ce iska ta kayar, a al'adar gidansu kuma in itacen gado ya faɗi, sai a sassaƙa wa kowace 'yar gidan da ke aure nesa turmi, don ita ma ta sami rabonta. Iya ta rungume turmin nan tana sansanarsa. A cikinsa na koyi surfe, hannuwana suka yi kanta, ita kuwa ko a tsakiyar luguden mata tana gane ƙararsa.

Da zafi ya shigo, wata rana da azahar gida ya yi tsit, Iya ta ce in kasa kunne. Daga cikin turmin ake wani ɗan ƙaras-ƙaras, ga kuma garin itace a gindinsa. Matan gida suka ce tsutsa ce, tun a daji ta shige shi, in aka bar ta za ta fito ta bi azara da ƙafafun rumbu. Gaskiyarsu ce kuwa, mun sha ganin ɗakin da ƙwari suka kayar. Baba ya fito da gatari zai faskara shi a sa a murhu. Ban taɓa ganin Iya ta tashi da sauri irin na ranar ba. Ta laluba ta kife a kan turmin da duka jikinta. Baba ya durƙusa ya ce, "Iya, ki gafarce ni, rufin gida nake ji." Ta ce, "Baƙo raɓa ne, Audu. Daga gidan ubana ya taso, ba za a ƙona shi a gidan ɗana ba. A kai shi ɗakina, in rufi zai faɗi nawa ne." Baba ya ajiye gatarin, shi da kansa ya mirgina turmin zuwa ɗakinta.

Haka muka zauna jiran baƙo, ni da ita, kowace safiya ina duba turmi kafin in wanke ido. Kwana kaɗan bayan ruwan shuka, na tarar da wani ɗan rami a gefensa, ga dogon-ƙaho a bakin turmin yana motsa ƙahonni. Wallahi siriri ne, fiffikensa dogo mai tsini, ban taɓa ganin irinsa a Roni ba. Na ɗora mata shi a tafin hannu. Ta shafa, ta sake shafawa, sai hawaye. "Sannu da zuwa," in ji ta a hankali. "Yaya mutan gida?" Na zaro zare don kada ya tsere mata, ta riƙe hannuna ta ce wanda Allah ya ba fiffike ba a hana shi zuwa gida. Muka fito tsakar gida, ta buɗe hannu, ya ɗaga fukafukai ya tashi. Ta ce, "Ina ya nufa?" Ni dai na ga ya haura danga, ban san gabas da yamma ba. Baba ne ya amsa daga bayanmu, "Hanyar Babura ya bi, Iya." Ba ta ga kakar wannan shekarar ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Yau jikokina kan hau mota da safe su je Babura su dawo kafin magariba. Ni ma na je, na nemi gonar, na tarar kiryoyi duk sun tafi gawayi, yaran garin kuma ba su san wani dogon-ƙaho ba. Turmin yana ɗakina, ba mai daka a ciki tun da injin niƙa ya zo, ni kaɗai nakan sa ɗan yatsa a ramin nan in tuna ta. Hanya ta yi sauƙi bayan mai son bin ta ta tafi.